Gurbin John Tafida a Taron Marubutan Hausa

Akwai maganar da ta daɗe tana yawo tsakanin masu sha'awar karatu da rubutu a ƙasarmu, daga Kazaure zuwa Roni da Gwiwa da Ɓaɓura, har nan Achilafiya. Cewa ake yi adabin Hausa kayan Musulmi ne su kaɗai, don haka Kirista ba shi da abin da zai zo nema a taron marubutan Hausa. In yana da labari, ya rubuta da Turanci ya kai wa mutanensa. Waɗansu kan ƙara da cewa duk ranar da aka ji Kiristoci sun taru da sunan rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, to a yi hattara, akwai lauje cikin naɗi.

Masu wannan ra'ayi mutanen kirki ne, cikinsu har da malamaina da ba zan iya ɗaga ido in dube su ba, kuma suna da hujja. Tun kafin Bature ya san hanyar ƙasar nan ake rubuta Hausa da ajami, kuma malaman Musulunci ne suka riƙe alƙalamin. Shehu Usmanu da iyalansa da almajiransa sun bar waƙoƙin wa'azi da na ilimi, Nana Asma'u ta karantar da mata ta hanyar waƙa, daga baya Aliyu Namangi ya zo da Imfiraji wadda makafi da masu ido suka haddace. Tsoron da kakanninmu suka yi wa boko shi ma yana da tushe. A 1900 Bishop Tugwell da tawagarsa suka isa Kano, Sarki Alu ya sallame su ba tare da ya ba su wurin zama ba, domin ya san abin da ya kawo su. Wanda ya tashi da wannan tarihi a kunnensa, in ya yi ɗari-ɗari ban ga laifinsa ba.

Inda muka rabu ɗan taƙi ne, amma babba. Cewa Musulunci ne ya raini adabin Hausa, kuma yawancin marubutansa Musulmi ne, gaskiya ce da ba mai ja. Cewa su kaɗai ne, kuma ba wanda ya isa ya zauna da su, wannan tarihin da kansa bai yarda ba.

Mu koma 1933, shekarar da Rupert East na Hukumar Talifi a Zariya ya nemi malamai su rubuta ƙagaggun labarai da boko. Daga wannan yunƙuri aka sami littattafai biyar da kowane ɗalibin Hausa ya san sunansu: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi. A bangon na biyar ɗin sunaye biyu ne, East da John Tafida. John Tafida mutumin Wusasa ne, Bahaushe kuma Kirista. Ke nan ranar da aka aza harsashin ƙagaggen labarin Hausa, yana wurin da hannunsa cikin kwaɓin.

Ina roƙon duk mai shakka ya sake ɗauko littafin nan ya karanta da idon babba, domin yawancinmu mun karanta shi ne muna yara muna tsoron jarrabawa. Saurayi ne, Abubakar, yake son Zainabu, attajiri Malam Shaihu ya shiga tsakani ya aure ta. Abubakar ya kasa haɗiye abin, ya bar gari ya shiga duniya neman asirin da zai lalata ɗan da za a haifa. Yaron, wanda ake kira Kyauta, ya taso ɓarawo, har ƙaddara ta kai shi ga kashe mahaifinsa bai san shi ba ne. Dubi yadda aka nuna neman aure, da zaman gidan attajiri, da kukan uwa a kan ɗan da ya fi ƙarfinta, da yadda ƙullatar mutum take cin mai ita kafin ta ci wanda aka ƙulla. Mutanen cikin labarin Musulmi ne, kuma ba inda aka yi musu ba'a ko aka karkatar da addininsu. Wanda ya san gidajen nan daga ciki ne ya ba da labarin. Shekara da shekaru ana karantar da shi a makarantunmu, malamai masu rawani da masu hula sun koyar da shi, ban taɓa jin an ce imanin wani yaro ya raunana saboda shi ba. Labarin ya yi ƙarfin da ya ƙetare harshe: masana sun daɗe suna nuna yadda littafin Cyprian Ekwensi na 1962, An African Night's Entertainment, ya bi sawunsa kusan taki-taki.

Wusasar da ta fitar da John Tafida ita ce ta fitar da Dakta R.A.B. Dikko, likitan farko daga Arewa kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, da Farfesa Ishaya Audu wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Sardauna bai ce su koma gefe ba. A fannin harshen kuwa, J.F. Schön ya buga nahawun Hausa a 1862, ƙamus a 1876, da Magana Hausa a 1885, inda aka adana labarin tafiye-tafiyen Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da ya bi Baturen matafiyi Barth har Ingila. An kammala fassarar Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Ƙamusun Bargery na 1934, wanda har yau in gardamar kalma ta yi zafi a sashen Hausa na jami'a shi ake ɗaukowa, aikin mutumin da ya fara zuwa ƙasar nan a matsayin ɗan mishan ne. Na sani, kuma ba na ɓoyewa, cewa Schön da ire-irensa don yaɗa addininsu suka yi wannan wahala. Niyyarsu tasu ce. Amfanin aikin kuwa mu muka fi kowa cinsa, kuma ba mu taɓa cewa a ƙone ƙamusun ba.

Ga malamaina na zaure ina da misalin da ya fi wannan kusa da su. A cikin littattafan ɗaliban Larabci a ƙasar nan, da wuya ka rasa Munjid. Wanda ya wallafa shi a 1908, Luwis Ma'aluf, limamin Kirista ne a Beirut. Jurji Zaidan, wanda ya kafa mujallar Al-Hilal a Alƙahira a 1892 kuma ya rubuta jerin ƙagaggun labarai a kan tarihin Musulunci, Kirista ne ɗan Lebanon. A 1920 Jibran Khalil Jibran da Mikha'il Nu'aima da Iliya Abu Madi da abokansu suka tsayar da ƙungiyar marubuta mai suna Rabiɗatul Ƙalamiyya a birnin New York, kusan dukkansu Kiristoci, kuma ana karanta su yau a sassan Larabci na jami'o'inmu. Tun can baya ma, Akhɗal, mawaƙin fadar Abdulmalik ɗan Marwan, Kirista ne. Larabci harshen da aka saukar da Alƙur'ani da shi ne, amma Larabawa ba su ce Kiristansu ya ajiye alƙalami ba, kuma darajar harshen ba ta ragu da ƙwayar zarra ba. In Larabci ya ɗauki wannan, me zai sa mu ji tsoro a kan Hausa?

Sannan mutanen da ake maganar ba daga nesa suke ba. Tun zamanin Turawa mishan ta SIM ta kafa tasha a Roni, da wurin shan magani da makarantar yara maza, kuma zuriyar waɗanda suka karɓi Kiristanci a lokacin, da na ƙauyukan Maguzawa, suna nan tare da mu. Kasuwa ɗaya muke ci, fari ɗaya ke ƙona mana gero, kuma ba su da wani harshe da suke mafarki da shi sai Hausa. In ka fita ka nufi Filato da kudancin Kaduna da Gombe da Adamawa, za ka tarar da majami'u masu yawa da Hausa ake wa'azi, da Hausa ake waƙa. Sunayen ƙungiyoyin ma sun isa shaida: Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya, Zumuntar Mata, Sabon Rai Don Kowa. Mawaƙa irin su Solomon Lange da Jeremiah Gyang sun kai waƙar Hausa inda mawaƙanmu da yawa ba su kai ba. Dubban mutane ne masu karanta Hausa kowane mako. Mu marubuta kullum kukanmu kasuwar littafi ta mutu, alhali ga masu karatu nan ba mu taɓa yi musu sallama ba.

Akwai wani zaman karatu da muka yi a wani aji a Kazaure, irin wanda ake jera benci a kewaye kowa ya karanta abin da ya rubuta. Wata yarinya ta karanta labarinta, mai daɗi ƙwarai, sai dai a ciki ta sa manomi ya sussuke geronsa kaf a gona ya zuba tsaba a rumbu. Wani dattijo, tsohon malamin firamare daga wajen Roni, Bahaushe Kirista, ya ɗaga hannu ya ce, “'Yata, labarinki ya yi kyau, amma a ƙauyenmu dami ake ɗaurewa a kai rumbu da zangarniyarsa. Mata ke ɗiba kaɗan-kaɗan suna sussuka. In kin sa haka, matar manomin nan naki za ta riƙa ganin rumbun yana ƙasa kullum, mai karatu ma zai ji yunwar tana matsowa.” Ta rubuta gyaran a gefen takarda nan take. Da layi ya zo kansa, ya karanta nasa, labarin wata gwauruwa da ta sayar da akuyarta ana saura kwanaki Kirsimeti don ta biya wa jikanta kuɗin makaranta. Mun yi tsit har ya kusa ƙarewa, sai ya rufe da doguwar huɗuba. Wani matashi ya ce, “Baba, da ka tsaya inda ta dawo gida da igiyar akuyar a hannu, da ya fi. Mun riga mun gane.” Dattijon ya ce ya karɓa. Abin da ake yi a taron marubuta ke nan, kuma ban ga inda addinin wani ya taɓu a ranar ba.

A Amurka Kiristoci masu rubuta ƙagaggun labarai suna da ƙungiyarsu da ake taƙaita sunanta ACFW, wadda ta faro a 2000. Kowace shekara sukan yi babban taro. Ana koyar da yadda ake gina labari da tsara zance, sabon marubuci yakan sami ɗan lokaci ya zauna da edita ko dillalin littafi ya nuna masa aikinsa, ana yin addu'a tare, sannan a rufe da liyafar ba da kyauta: Carol ga littattafan da aka buga, Genesis ga waɗanda ba a buga ba tukuna. Kyautar nan ta biyu ce ta fi burge ni, domin tana nufin an tanadi wuri ga wanda ba kowa ya san shi ba. Da Kiristocin Arewa za su shirya irin wannan da Hausa, a Wusasa ko Jos ko Maraɗi, haƙƙinsu ne, kamar yadda muke shirya musabaƙa da gasar waƙoƙin bege ba mu nemi iznin kowa ba. Kuma da zai amfani harshen, domin duk wanda ya zauna yana gyara jimlar Hausa, aikinmu yake taya mu.

Waɗansu kan ce to ban da shagalin, a yi karatun kawai. Wanda ya faɗi haka bai san kaɗaicin rubutu ba. Yarinyar da ke rubuta labari a waya a ƙauyen Gwiwa, tana jiran a kawo wuta ko ta aika caji kasuwa, a gida ana ce mata tana ɓata lokaci, wata shida ko shekara tana fama ita kaɗai. Ranar da aka kira sunanta a gaban jama'a, aka tafa, aka miƙa mata ko da takardar yabo ce, ranar ce iyayenta za su fara kallon abin a matsayin aiki. Mun ga haka da gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016, wadda abin da ta nema tun farko shi ne labarin da mace ta rubuta da Hausa. Mun gani tun kafin nan a Kano, lokacin da Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da Ɗan'azumi Baba da abokansu suka haɗu a ƙungiyar Raina Kama, suna tallata littattafan juna a cikin nasu, a zamanin da manyan kamfanonin ɗab'i ba su kula su ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyar marubuta ta ƙasa, ANA, wadda Chinua Achebe ya kafa a 1981, Musulmi da Kirista ne a cikinta tun farko, har Abubakar Gimba na Neja ya shugabance ta, kuma marubutan Hausa na Kano sun daɗe suna zama a ƙarƙashin inuwarta. Cuɗanyar da ake tsoro ta riga ta faru shekaru da dama, ba mu ga ɓarnar da aka yi hasashe ba.

Saura hujja mafi nauyi, kuma ba zan tsallake ta ba. Ana cewa Kirista zai cusa wa'azinsa cikin labari, yaranmu su karanta. E, waɗansu za su yi haka, kamar yadda marubutanmu da yawa suke yi da namu. Mai imani ba ya ajiye imaninsa a bakin ƙofa in zai yi rubutu, kuma ban nemi kowa ya ajiye ba. Iyaye suna da iko su duba abin da 'ya'yansu ke karantawa, masu shirya taro suna da iko su sa doka cewa ba zagin addinin kowa, ba jan kowa zuwa wani addini a zauren. Wannan doka ce da za ta hau kan kowa daidai. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauka imanin ɗan Musulmi ya yi raunin da labarin gwauruwa da akuyarta zai girgiza shi. Yaran nan suna kallon finafinan Indiya da na Koriya dare da rana a waya, cike da abubuwan da suka yi hannun riga da tarbiyyarmu. Labarin maƙwabcinsu da ke jin kunyar suruki kamar su, yake gaida na gaba a durƙushe kamar su, shi ne mafi ƙarancin abin tsoro a cikin duk abin da ke shiga idonsu. Abubakar Imam kansa, malami ɗan malamai, ya ɗebo labaran Magana Jari Ce daga Larabawa da Indiyawa da Turawa, ya yi musu riga da wando na Hausa, ba wanda ya ce ya yi saɓo. A tarihin addininmu kuma, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tura sahabbansa neman mafaka wurin Najjashi, sarkin Habasha Kirista, ya kuma karɓi tawagar Kiristocin Najran a Madina aka tattauna. Zama da mutum a saurari maganarsa bai taɓa zama yarda da aƙidarsa ba.

Rashin wannan zama ya bar tabo a rubutunmu, kuma wannan ne ya fi damuna a matsayin mai karatu. A yawancin littattafan da na karanta na zamanin nan, in Kirista ya fito, baƙo ne daga kudu, Hausarsa a karye, kuma aikinsa a labarin shi ne ya musulunta kafin shafin ƙarshe. Bahaushiyar da ke ɗaura ankon Zumuntar Mata ranar Lahadi, ana buga tulu ana waƙa, wadda ta kai damin dawa majami'a don godiyar kaka, wadda ƙanin mahaifinta liman ne a gari na gaba kuma suna zuwa wa juna suna da ta'aziyya, ba ta cikin littattafanmu. Alhali tana nan a ƙasar Kazaure, kuma rayuwarta cike take da abin da labari ke so: zumuncin da aka ja bai tsinke ba, rabon gado mai sarƙaƙiya, auren da dangi suka rabu biyu a kansa. Ita ko ɗanta ne za su fi iya rubuta wannan. Mu kuma in muka saurare su, za mu daina rubuta su kamar mutanen da muka ji labarinsu a mota. Elnathan John, ɗan Kaduna wanda ya tashi a gidan Kirista, ya rubuta Born on a Tuesday a kan rayuwar almajiri, da Turanci, duniya ta karanta. Ana iya sukar littafin ta fuskoki da dama, amma ya nuna cewa maƙwabtanmu sun zuba mana ido sun san mu fiye da yadda muka san su.

Abin da nake roƙon masu shirya tarukanmu ƙanƙane ne, ba ya cin kuɗi. Ranar Hausa ta Duniya tana zuwa kowace 26 ga Agusta, makarantu da ƙungiyoyi a Kazaure da Ɓaɓura sukan so su yi wani abu. In za a rubuta takardar gayyata, a aika har majami'un Roni da ƙauyukan da ke kewaye, a ce ana neman masu rubuta labari da waƙa da Hausa. A sa zaman ranar Asabar, yadda ba zai ci karo da Juma'a ko safiyar Lahadi ba. A bayyana dokar girmama addinin juna tun a takardar, a karanta ta a farkon zama. In akwai gasa, a cire sunaye daga kan rubutun kafin a miƙa wa alƙalai, a ware kyauta guda ga wanda bai taɓa buga komai ba. Malaman Hausa na sakandare su ne suka san yaran da ke rubutu a ɓoye a bayan littafin lissafi, na kowane gida, don haka da su ya kamata a fara magana.